Awon Jinin Ɗan Fari

Ni da bakina na yi dariya ranar da ma'aikatan lafiya suka zo firamaren da nake koyarwa a Gusau, suka ce za su auna jinin yara. A gabansu na yi ta, ban ɓoye ba. Na dubi likitar da ta jagorance su, wata doguwar mata mai tabarau, na ce, "Likita, hawan jini kuma a aji uku? Wane tunani ne ya dame su, na cefane ko na haya?" Mu dai abin da muka taso muka sani, hawan jini ciwon manya ne, na wanda duniya ta sha masa kai. Ba ta ji haushi ba. Ta ciro wani ɗan maɗauri da ake naɗawa a damtse, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba, ta ce yara ma suna yi, kuma idan jinin ƙaramin yaro ya hau, ƙoda ake fara tuhuma. Ta ce mu malamai mu riƙa lura da yaron da ke zuwa da safe idanu a kumbure, ko wanda fitsarinsa ya koma kalar shayi. Na ce to na ji, na koma aji ina mita an cinye mini darasin lissafi.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da 'Yankuzo, a ƙasar Tsafe. Can Inna, mahaifiyata, take zaune da ƙanena, manomi, da matarsa, Bafulatana daga wata ruga a bayan duwatsun Kwatarkwashi. 'Ya'yansu huɗu a lokacin. Babban, wanda wannan magana ta shafa, yana da shekara tara.

Kunyar ɗan fari kowa na yi. Ni ma na yi wa tawa 'yar, na ɗan kwana biyu, na ga ba zan iya ba na watsar. Amma irin ta matar ƙanena ban taɓa gani ba. Tun ranar da aka yaye yaron aka kai shi ɗakin Inna, tsakar gida kawai ke tsakaninsu, ba ta sake ɗaukarsa ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta aikensa, ko tsawa ba ta yi masa. Idan ya shigo madafa sai ta duƙa tana gyara itace har ya fita. In dole ta kama a yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "na ɗakin Inna". Shi kuma Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Ƙannensa uku kuwa tana goya su, tana dukansu, tana tsefe musu kai a bakin ƙofa. Inna na alfahari da abin ƙwarai. Duk baƙuwar da ta zo sai ta gaya mata ita ta yi dacen suruka mai kunya, ba irin 'yan yanzu ba, tana faɗa tana kallona.

Da aka yi hutu bayan kaka na je gida. Ko mayafi ban cire ba Inna ta tare ni. "Taho ki ga maigidana," ta ce, haka take kiran jikan nata. "Wanga yaro da kuke cewa ba ni ba shi abinci, duba kumatu!"

Yaron nan tun yana ƙarami siriri ne kamar sillen kara, sai ga shi fuska ta cika, ciki ya fito, har wuyan riga ya kama shi. Maƙwabta na ta yaba hannun Inna, wai sabon gero ne da nonon da dangin uwarsa ke aikowa. Ni ma na ce masha Allah, na ja kumatun, na ce to ango, yaushe za a ɗaura? Bai yi dariya ba, ya koma gindin rumbu ya zauna ya dafe ƙeya.

Washegari ina madafa ina taya matar ƙanena tankaɗe, sai ta miƙo mini wani abu a leda ba tare da ta dube ni ba. Takalmi ne. Ta ce, "Yaya, ki kai ma yaranki. Sun matse wancan."

Na juya takalmin. Ni na saya masa da Sallah, kuma da gangan na sayo da girma don ya daɗe yana sawa. Na ce, "Matsewa kuma? Ƙafar yaro ce ko kabewa?"

Ta ci gaba da tura itace cikin murhu. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, kamar da wutar take magana, "Bayan rumbu, inda yara ka tsugunnawa da sahe, wani wurin ja shika zama. Kamar an zubda shayi."

Na ajiye rariya na fita, na kira yaron, na ce ya miƙo ƙafa. Na danna ƙwaurinsa da babban yatsa, irin yadda ake yi wa masu ciki. Na ɗaga yatsan, ramin ya tsaya bai koma ba. Ruwa ne cike da jikin yaron nan, mu kuma muna ta masha Allah.

Rigimar da muka yi da Inna ranar, maƙwabta sun ji. Ta ce baki ne zan sa wa yaro, ni dama tun da na yi boko ba na ganin mutum lafiyayye. Ciwon kan da yake yi ai tana ba shi jiƙo da 'yar kanwa, in ya yi tsanani a karɓo ƙwaya a kemis, shi ke nan. Na ce, "Inna, ko ki yarda ko kar ki yarda, gobe da shi zan tafi." Ƙanena, wanda shi ma kunyar ke ɗan taɓa shi, ya tsaya yana sosa kai, sai da na ce masa in ba zai nemo mota ba zan goya yaron in taka da ƙafa har bakin titi. Duk wannan hayaniyar uwar na madafa, ko leƙowa ba ta yi ba. Na ji haushinta ƙwarai a ranar.

Da safe muka fita, don hanyarmu yanzu ba a binta da yamma. Ni da Inna da ƙanena da yaron. Uwar ba ta zo ba, kuma babu wanda ya yi tsammanin za ta zo, ai ɗan Inna ne. A Tsafe ma'aikacin da ya duba shi ya gwada maɗaurin manya, abin ya zagaye damtsen har ya ninka. Ya ce da wannan ba zai samu gaskiyar awo ba, amma kumburin kaɗai ya isa, mu wuce Gusau kada mu tsaya ko'ina.

A babban asibiti, ɓangaren yara, wa zan gani in ba likitar nan mai tabarau ba. Ta gane ni sarai. "A'a, Malama mai cefane da haya, ke ce?" Ta naɗa masa ɗan ƙaramin maɗaurin nan da na yi wa dariya, ta auna, ta sake aunawa a ɗaya hannun, sai na ga fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Aka ba shi gado nan take, aka ɗebi jini da fitsari. Ta ce jininsa ya hau sosai, irin hawan da ke iya sa yaro farfaɗiya, kuma ƙodarsa ce ta kumbura ba ta tace ruwa yadda ya kamata.

Sai tambayoyi. Yaushe kumburin ya fara? Inna ta ce ita ƙiba ta gani. Ya yi ƙuraje ko ciwon maƙogwaro kafin nan? Inna ta ce wane yaro ne ba ya ƙuraje. Fitsarin fa, ya ragu? Inna ta ce ita ba ta bin namiji bayan rumbu. To yaya aka haife shi, watanninsa sun cika, yana da girma? Wannan kam Inna ba ta sani ba. Haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yi. A rugarsu aka haife shi, can Bungudu, mu sai suna muka je, shi ma a naɗe cikin zannuwa muka gan shi a ɗaki mai duhu da hayaƙi. Da aka dawo da su gida ya riga ya yi ƙwari.

Likita ta ajiye biro. "Ina uwar?"

"Tana gida," in ji Inna. "Ɗan fari ne."

Ta gane, ita ma 'yar ƙasar nan ce. Amma ta ce a kira ta. Ta yi mana bayani a hankali, cewa a cikin ƙoda akwai wasu 'yan ƙananan matatai masu yawa, tun a ciki ake gama halittarsu, ba a ƙara ko ɗaya daga baya. Binciken da likitoci ke yi yanzu yana nuna yaron da aka haifa kafin lokaci, ko aka haife shi ƙarami, yakan zo da kaɗan, sai ciwon da wani yaron zai yi ya wuce, shi ya bar masa tabo da hawan jini. Ta ce amsar uwar ce za ta nuna mata ko ciwo ne mai wucewa, ko kuwa yaron da za ta riƙa bibiya shekara da shekaru ne. "Ba na son in sallame shi da sunan ya warke, alhali abin na cin shi a ɓoye," ta ce.

Ƙanena ya koma ya zo da ita washegari. Ta shigo da goyon autarta, ta gaida Inna, ta gaishe ni, ta zauna a ƙasa daga bakin ƙofa ta juya wa gadon baya. Yaron na kwance ya fuskanci bango kamar mai barci. Likita ta ja kujera kusa da ita, ta yi tambayar farko. Shiru. Ta sake yi da taushi. Shiru, sai wasa take yi da ƙafar goyon.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Ke, wai mene ne haka? Ɗanki ne a kwance, ba na maƙwabta ba! Kunyar me? In ya mutu ita kunyar za ki goya?" Ƙanena ya ce, "Haba Yaya." Matan da ke jinya a sauran gadaje duk suka juyo. Ita dai ba ta ɗago ba, amma na ga hawaye na ɗiga a kan zanenta.

Inna ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da take yi mini tun ina yarinya idan na yi rashin hankali a gaban mutane. Sai ta dafa gado ta miƙe. "Bari in tahi in yi alwala," ta ce. Hantsi ne, babu wata salla a kusa. Ta ɗauki buta, ta taɓa kafaɗar ƙanena. "Kai ma taso ka nuna min hanya, ban gani sosai." Suka fita. Ni ban yi wannan dabarar ba, tsohuwar da nake cewa ba ta waye ba ita ta yi.

Suna fita matar nan ta fara magana, idonta a kan siminti. Ta ce bakwaini ne. Da aka haife shi bai fi 'yar kyanwa ba, uwarta ta riƙa naɗe shi cikin auduga tana kwantar da shi kusa da wuta, ba ya iya kama nono sai an tatsa an ɗiga masa. Shi ya sa aka riƙe su a ruga fiye da yadda aka saba, har ya cika ido, don kada dangin miji su ce 'yarsu ta haifi abin tausayi. Ta ce da damina ya yi ƙazuwa, ya sosa ƙafafun har suka yi ruwa, sun fi yawa a bayan gwiwa. Sun bushe ana gab da yankan gero, bayan 'yan makonni idanun suka fara kumbura da safe, na hagu ya fi, don a kan hagu yake kwanciya. Ta ce ya daina hawa katanga. Ya daina cinye tuwonsa, yana tura wa ƙaninsa a ɓoye don kada Inna ta yi faɗa. Da can yana fita bayan rumbu sau da yawa, yanzu da ƙyar, kuma in ya tashi takan je ta duba wurin kafin kaji su tone. Ta faɗi irin ƙwayar da ake karɓo masa a kemis, da launin takardarta.

Likita na ta rubutu ba ta katse ta ba. Shekara da shekaru ina ganin matar nan tana juya wa yaron nan baya, ban san ta ina take ganinsa ba. Na waiwayi gadon. Idonsa biyu, a buɗe tar, yana kallon bango bai motsa ba.

Ya ɗan jima a asibiti. Aka ba shi maganin da ke sa fitsari da na saukar da jini, aka hana gishiri da dunƙule da kanwa, aka ce ko kansa zai tsage kada a sake ba shi ƙwayar kemis sai an tambaya. Ruwan ya zube, ya koma sillen karansa na da. Inna na ta ƙorafi wai an tsiyaye mata miji, ta kawo shi da kumatu za ta koma da ƙashi. Fitsarin ya washe a hankali. Jinin ne ya ƙi sauka gaba ɗaya.

Ranar sallama likita ta faɗa mana gaskiya ba kwana-kwana. Ta ce ba ta san ko ƙodar za ta koma daidai ba, lokaci ne zai nuna. Abin da ta sani shi ne hawan jini ba ya ciwo sai ya yi ɓarna, in aka bar shi zai ci gaba da cin ƙodar yaron yana wasansa a tsakar gida, sai ranar da za ta tsaya. Dole ya sha magani kullum, dole a riƙa auna shi kowace safiya. Na samo na'urar awo mai batir a cikin gari, da maɗaurin yara, wadda ke ajiye lambobin a cikinta likita ta duba in an zo.

Sai maganar wa zai riƙa aunawa. Inna tana da yanar ido, ba ta ganin lamba. Ƙanena kafin yara su tashi ya bar gida. Ni ina Gusau. Likita ba ta tambayi kowa ba, ta ɗauki maɗaurin ta sa a hannun uwar, ta ce, "Taso in nuna miki."

Na zaci za ta ƙi. Ta dubi Inna. Inna ta mai da kai taga, ta ce wai waccan bishiyar darbejiya ce ko mangwaro. Matar ta tashi ta je bakin gado. Ta naɗa shi a juye, likita ta warware ta ce ta sake, ta nuna mata inda igiyar za ta kwanta a lanƙwasar hannu, da yadda za ta zura yatsa biyu ta ji bai matse ba. Ta ce ta tallafe gwiwar hannun kada ya yi lilo har na'urar ta gama. Haka ta tsaya riƙe da hannunsa, ita tana kallon na'ura, shi yana kallon silin, abin na kumbura yana sacewa. Rabon da ta taɓa shi a gaban mutane tun yaye. Na fita waje, don ba na son a ga ina kuka.

A gida abin ya zama tsari. Da an idar da sallar asuba gari ya fara haske, Inna za ta ce awakin nan sun dame ta, bari ta je ta ga abin da suke ciki, ta fita ta daɗe. Awaki uku ne, kuma a ɗaure suke. Uwar ta tsallaka tsakar gida da na'urar a cikin kwano, ta shiga ɗakin Inna, ta auna, ta ba shi ƙwayarsa, ta fito. Ba ta ce masa komai, in ji ƙanena, sai dai "miƙo". Miyarsa daban take yi a 'yar ƙaramar tukunya, ba gishiri ba dunƙule, sai daddawa kaɗan da albasa. Har yau kuma ba ta kira sunansa ba, "wancan" ne dai.

Duk wata suna zuwa Gusau ganin likita, su sauka a wurina, yanzu da uwar ake zuwa. Wani zuwan a ce an samu sauƙi, wani a ƙara magani. Tsoro bai bar ni ba, don na ga yaran da ake kawowa wankin ƙoda, na ga iyayensu a baranda. Bayan an daɗe ana haka, likita ta duba lambobin da ke cikin na'urar ta ce alhamdu lillahi jinin ya zauna wuri ɗaya. Magani dai ba za a daina ba, gishiri ma haka, amma awon sau ɗaya a mako ya isa. Ina wurin aka faɗa. Uwar ta gyaɗa kai ta ce to.

Da hutu ya sake zagayowa na je gida. Safiyar farko na ji Inna na faɗa da awaki, na ga an tsallaka da kwano. Na ce yau ce ranar awon ke nan. Safiya ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Na yi niyyar in yi magana, don batir ba a ƙauyen ake samu ba. Ina zaune a gindin rumbu ina jiran ta fito, sai shi ya riga ta fitowa yana sauke hannun riga. Ya ga inda nake kallo, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya leƙa ko akwai mai ji.

"Goggo," ya ce, "Adda ta manta likita ta ce sau ɗaya a mako."

Matar da ta san a kan wane gefe yake kwanciya, wai ita ce ta manta. Na ce, "To, sai aka yi yaya?"

Ya riƙe mini gefen zane. "Don Allah kar ki tuna mata."

Na ce masa ni ba ruwana, malamar lissafi ce ni ba likita ba. Da na koma Gusau na sayi batir da yawa na ba direba ya kai musu.